Abin da dokar Hague ta 1907 ta ce kan luguden igwa a gari

A watan Oktoban 1907 ƙasashe suka kammala taro a birnin Hague na Holan, suka fito da ƙa'idojin yaƙin ƙasa. Sassa uku ne a cikinsu suka shafi manyan bindigogin igwa.

Sashe na 25 ya haramta yi wa gari, ƙauye ko gidaje luguden wuta ta kowace hanya, muddin babu masu kare su. Wato garin da ya buɗe ƙofa, ba soja a ciki, shiga ake yi a karɓe shi, ba a rusa shi. Sashe na 26 ya ce kafin a fara harbi kwamanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya sanar da hukumomin garin, sai fa idan farmakin kutsawa ne. Sashe na 27 kuma ya nemi a kauce wa wuraren ibada, asibitoci da gine-ginen tarihi gwargwadon iko, da sharaɗin ba a mayar da su wurin aikin soja ba, kuma mutanen gari su sa musu alama.

Wannan sharaɗin ne ya fi ci min tuwo a ƙwarya, domin mai harbin ne ke yanke hukunci. A Satumban 1914 Jamusawa suka harbi babbar majami'ar Reims a Faransa, wuta ta cinye rufinta, darma ta narke tana zuba, alhali an kwantar da sojojin Jamus masu rauni a ciki. Hujjarsu ita ce wai Faransawa na leƙen asiri daga hasumiyarta.

Sannan bindigar kanta ta wuce tunanin masu rubuta dokar. A 1918 Jamus ta riƙa harbin Paris daga nisan kusan kilomita 120, mai harbi bai san inda harsashi zai sauka ba. Ranar 29 ga Maris ɗaya ya faɗa cocin Saint-Gervais ana tsakiyar ibada, mutum sama da 80 suka mutu.

Dokar ta ɗora wa ƙasar da sojojinta suka saɓa biyan diyya, amma a wancan lokacin tsakanin ƙasashen da suka sa hannu kaɗai take aiki. Haka dokar Hague ta 1899 da ta gabace ta take, don haka ba ta rufe Kano ba lokacin da Turawan Ingila suka kafa wa ganuwarta igwa a Fabrairun 1903.