Ƙananan Hukumomin Legas da Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Masu Shaye-shaye

Kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin al'umma shi ne a duba mai ciwon damuwa, ko taɓin hankali, ko wanda shaye-shaye ya kama, a kusa da inda yake zaune, ba sai an ɗauke shi zuwa babban asibiti an kwantar da shi nesa da mutanensa ba. A Jihar Legas wannan aiki ya rataya ne a wuyan gwamnati uku: ta tarayya, ta jiha da ƙananan hukumomi. Jihar na da ƙananan hukumomi 20 da tsarin mulki ya sani, da kuma yankunan raya ƙasa 37 da aka ƙirƙiro a 2003, jimilla 57. Su ne suka fi kusa da talaka, kuma su ne suka fi ƙarancin ƙarfi a wannan fanni.

Asalin tsarin

A 1907 Turawan mulkin mallaka suka buɗe gidan tsare masu taɓin hankali a Yaba, wanda ya zama Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya na yau. Dokar da ta daɗe tana aiki, wadda aka kafa a 1916 aka sabunta a 1958, ba ta damu da warkar da mara lafiya ba. Damuwarta a kulle shi. Wanda ya fara nuna wata hanya shi ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo, a Aro kusa da Abeokuta, a 1954. Ya sa marasa lafiya suna kwana a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana. Abin da ake kira kulawa a cikin al'umma a yau, tushensa ke nan a Najeriya.

A 1991 manufar ƙasa kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta sa wannan fanni cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko, wato asibitocin sha-ka-tafi, waɗanda tsarin mulkin 1999 ya bai wa ƙananan hukumomi hannu a cikinsu. Legas ta yi tata dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙarshen mulkin Gwamna Akinwunmi Ambode, ta riga gwamnatin tarayya, wadda sai a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar ƙasa da ta maye gurbin ta 1958.

Girman matsalar

Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 a Najeriya sun sha wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, wato kashi 14.4 cikin ɗari. A Legas adadin ya kai kashi 33, ninki biyu na ƙasa baki ɗaya har da ƙari. A faɗin ƙasar wiwi ce kan gaba da mutum miliyan 10.6, sai magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramol da miliyan 4.6, sai maganin tari mai kodin da miliyan 2.4. Ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu sha mace ce, abin da ake yawan mantawa idan ana tsara wuraren jinya. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a duk faɗin ƙasar ba su kai 300 ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa Yaba, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, da na jiha da ke Ikeja, ba za su iya ɗaukar nauyin su kaɗai ba.

Abin da ke hannun ƙaramar hukuma

Kowace ƙaramar hukuma a Legas na da babban jami'in lafiya, likita ne, wanda ke kula da asibitocin sha-ka-tafi na yankinsa tare da Hukumar Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta jiha. A waɗannan asibitoci ake son a fara gane ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008 domin a koya wa nas-nas da ma'aikatan lafiya na unguwa yadda za su gane ciwon damuwa, da farfaɗiya, da ruɗewar hankali, da illar giya da ƙwaya, su yi maganin mai sauƙi, su tura mai tsanani gaba. Legas na cikin jihohin da suka horar da ma'aikatansu a kan wannan tsari.

Amfanin sa a fili yake. Matar da ta haihu ta shiga damuwa ba za ta taɓa tashi ta tafi Yaba ba, amma za ta kawo jaririnta riga-kafi. Idan nas ɗin da ke riƙe da allurar ta san abin da za ta tambaya, an kama ciwon tun yana ƙarami. Haka ɗan dakon da ya zo yana kukan ciwon baya da rashin barci: tambaya biyu cikin ladabi na iya fito da maganar tiramol ɗin da yake haɗiya da shayin safe don ya iya ɗaukar buhun albasa har yamma.

Bayan asibiti, ƙaramar hukuma na da kwamitocin lafiya na mazaɓu, da kansiloli, da iko a kan kasuwanni da tashoshin mota, inda ake sayar da ƙwaya a ɓoye. Tana iya ba da ɗakin taro ga masu son daina sha su riƙa haɗuwa, ta koya wa waɗanda suka fito daga jinya sana'a. Kamun dillalai ba aikinta ba ne, na Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ne, wadda aka kafa a 1989, kuma tun 2021 Buba Marwa, tsohon gwamnan soja na Legas, ke shugabantarta. Cibiyar gyaran hali ta Majidun a Ikorodu, inda ake kai waɗanda aka kwaso daga titi, ta gwamnatin jiha ce. A aikace, abin da yawancin ciyamomi suka fi yi shi ne gangamin wayar da kai na yini guda, da riguna da jawabai. Ba laifi ba ne, amma wanda ƙwaya ta kama yana buƙatar a bibiye shi wata da watanni, kuma nan ne aka fi gazawa.

Hausawan Legas

Hausawa sun daɗe a Agege, Idi-Araba, Obalende, Mile 12 da Alaba Rago, wasu kaka da kakanni, wasu kuma 'yan ci-rani ne da suka zo acaba, dako, gadi ko ga-ruwa. Rukuni na biyu ne ya fi shiga haɗari. Saurayi ya baro iyaye da dangi a Arewa, yana kwana a shago ko a tasha, babu mai lura da ranar da halinsa ya fara canzawa. Hana acaba da jihar ta tsaurara a wasu ƙananan hukumomi tun Yunin 2022 ya raba da yawa da abin yi, zaman banza kuwa abokin ƙwaya ne.

Harshe babban shinge ne. Ciwon ƙwaƙwalwa ba a auna shi da jini ko hoto, da magana ake gane shi. Mai cewa "zuciyata ce ba ta yi mini daɗi" ko "kaina ne yake hayaƙi" yana buƙatar wanda zai fahimci nufinsa, alhali yawancin ma'aikata Yarbanci da Turanci suke ji. Idan aka sa maƙwabci ya yi tafinta, mara lafiya ya rufe bakinsa don gudun tonon asiri. Ɗaukar ma'aikacin lafiya ko da guda ɗaya mai jin Hausa a asibitocin waɗannan unguwanni abu ne da bai fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba, kuma zai fi gangami goma amfani.

Sannan akwai inda mutane ke fara zuwa. Da yawa sukan ce iska ce ko sammu, a nufi malami a yi ruƙiyya, ko a haɗa kuɗin mota a mayar da mutum gida. Tsarin da ya yi watsi da malamai da limamai da sarakunan Hausawa na unguwanni ba zai kai ga mutane ba, domin su ake ji. Abin da ya dace shi ne a jawo su, malami ya yi addu'arsa ya kuma ce a je asibiti. Iyaka guda ce ba a tsallakewa: ɗaure mara lafiya da mari ko dukansa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoto a 2019 cewa ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a wurare da dama a Najeriya, na addini da na gargajiya har da na gwamnati.

Kuɗi da iko

Magungunan ƙwaƙwalwa na yau da kullum ba sa samuwa koyaushe a ƙananan asibitoci, kuma wanda ya katse shan magani saboda rashin kuɗi, ciwon kan dawo masa. Ma'aikatan da aka horar kan bar aiki ko a sauya musu wuri. Jihar na da inshorar lafiya mai suna Ilera Eko, sai dai ɗan ci-rani da ke samun na yau ya ci yau da wuya ya yi rajista idan ba a je har inda yake an yi masa bayani da harshensa ba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. A Legas lamarin na da sarƙaƙiya, domin kason na hukumomi 20 ne, ana raba shi da yankuna 37. Duk da haka hukuncin ya bai wa mazauna Agege ko Mushin hujjar tambayar ciyaman da kansilansu nawa aka ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa a kasafin shekara, da kuma wane asibiti ne a mazaɓarsu ke da ma'aikacin da aka horar.