Ƙiba da ciwon suga a tsakanin matasan Latino: tambayoyi da amsoshi

Su wane ne Latino, kuma me ya sa likitoci suka sa musu ido?

Mazauna Amurka ne masu asali daga Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce cikin manyan ƙasar kusan kashi 40 cikin 100 za su kamu da ciwon suga nau'i na biyu a rayuwarsu, amma a cikin Latino abin ya haura kashi 50. Akwai gado a ciki: a 2014 aka gano wani nau'in ƙwayar halitta mai suna SLC16A11 da ya yawaita a jinin 'yan Meziko, yana ƙara haɗarin. Sai kuma talauci, da lemon kwalba mai arha, da rashin inshorar lafiya.

Ɗan shekara 14 ma yana kamuwa?

Ƙwarai kuwa, kuma ciwon ya fi yi wa matashi sauri. Binciken TODAY na 2012 ya nuna kusan rabin matasan da aka ɗora a kan maganin metformin kaɗai, maganin ya kasa riƙe musu sugan cikin 'yan shekaru.

Wata alama tana fitowa tun da wuri. Bayan wuyan yaro ya yi baƙi, fatar ta yi kauri da laushi kamar karammiski. Uwa ta kama soso da sabulu ta yi ta dirza, tana faɗan ƙazanta, alhali jikin ne ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a cikin jini.

To me aka gwada?

A birnin Finiks na jihar Arizona, Gabriel Shaibi na Jami'ar Jihar Arizona da abokan aikinsa sun tara matasan Latino 160 masu ƙiba, 'yan shekara 14 zuwa 16. Wani rukuni daga cikinsu ya yi wata uku yana zuwa cibiyar matasa da wasanni ta YMCA: motsa jiki sau uku a mako, darasin abinci sau ɗaya, tare da iyaye. Shigo da iyaye shi ne dabarar da ta fi burge ni, domin yaro ba shi ke cefane ba, abin da aka tuƙa shi zai ci.

Ya yi amfani?

Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna bayan wata uku jikinsu ya fi jin insulin, kitse ya ragu, ingancin rayuwarsu kuma ya ƙaru. Da shekara ta zagayo, ragin kitsen yana nan, amma ribar insulin ɗin ta dusashe.

Mene ne "ingancin rayuwa" a nan? Ana iya auna shi?

Ana yi wa yaron tambayoyi ne a rubuce: yadda yake ganin kansa, zamansa da abokai, ko nauyinsa na hana shi shiga wasa ko samun tufafin da suka dace da shi. Wannan ma'aunin ya tashi bayan wata uku, kuma bai sauka ba har wata 12.

Kada a raina wannan. Yarinyar da ake yi wa tsiya a makaranta saboda teɓa ba za ta yarda ta yi gudu a gaban mutane ba, ko likita ya faɗa sau nawa. Idan ta sami wurin da kowa irinta ne, ba mai dariya, za ta fito gobe ma, ko da sikeli bai motsa sosai ba.