Ma'anar "Ribet": Kuɗin Da Kamfanin Wuta Ke Biyan Magidanci a Amurka Don Ya Sauya Hitar Ruwan Zafi

Wanda ke zaune a Amurka, musamman a jihohi irin su Masachuset, Oregon ko Kalifoniya, yakan buɗe takardar kuɗin wutarsa ya tarar da wata 'yar sanarwa a ciki, tana cewa idan ya cire tsohuwar hitar ruwan zafi ta gidansa ya sa sabuwa mai janyo zafi daga iska, za a mayar masa da wani kaso na kuɗin da ya kashe. Kalmar da suke amfani da ita ga wannan kuɗi ita ce "ribet". Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne, wanda ke yin wannan tayi shi ne mai sayar da wutar, kuma na'urar da yake kwaɗaitar da mutane su saya za ta rage yawan wutar da suke saya daga gare shi. A kasuwar da muka sani, mai haja ba ya biyan abokin cinikinsa don ya rage saye, saboda haka kalmar tana buƙatar bayani mai ɗan tsawo.

Babu kalmar Hausa guda da ta dace da ita daidai wa daida. Ragi da rangwame suna faruwa ne a lokacin ciniki, tsakanin mai saye da mai sayarwa, kafin kuɗi ya bar hannu. Gyara kuwa ƙari ne da mai sayarwa ke yi daga cikin hajarsa bayan an gama awo. Kalmar tallafi ta fi kusa, sai dai a kunnen ɗan Najeriya tana tuno da tallafin man fetur da aka cire a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda aikinsa shi ne sauƙaƙa farashin makamashin kansa ga kowa da kowa, mai shan kaɗan da mai shan da yawa. Ribet ya bi wata hanya dabam, domin bai taɓa farashin wuta ba ko kaɗan. Kuɗi ne da wani na uku, wanda ba shi ya sayar da kayan ba, yake mayar wa mai saye bayan ya nuna shaidar cewa ya sayi wani takamaiman abu kuma ya kafa shi yadda aka shardanta. Idan dole sai an fassara, "mayar da kaso bisa sharaɗi" ya fi kusa da gaskiyar lamarin.

Kafin a gane dalilin biyan, sai an gane na'urar. A mafi yawan gidajen Amurka akwai wani dogon tanki a gareji ko a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda yakan ɗauki galan 40 ko 50, wato kusan lita 150 zuwa 190, kuma shi ke ba banɗaki da kicin da injin wanki ruwan zafi dare da rana. Ma'aikatar Makamashi ta ƙasar ta ƙiyasta cewa dafa ruwa na cin kusan kashi 18 cikin ɗari na makamashin gida, kuma shi ne na biyu a girma bayan ɗumama ɗakuna da sanyaya su. Tsohon samfurin mai lantarki ba shi da bambanci a asali da 'yar hitar nan mai murɗaɗɗen ƙarfe da ake tsomawa a bokiti lokacin hunturu: wuta ta ratsa ƙarfe, ƙarfe ya yi zafi, ruwa ya ɗauka. Ƙarfen da ke cikin tankin yakan ja wat 4,500, kuma duk ingancinsa ba zai iya ba da zafi fiye da adadin wutar da ya sha ba.

Sabon samfurin bai dogara da ƙirƙirar zafi ba, ɗauko shi yake yi daga inda yake ya kai shi inda ake so. Duk wanda ya taɓa sa hannu a bayan firji ya ji ɗumi ya riga ya ga wannan aiki da idonsa, domin ɗumin nan shi ne zafin da firjin ya zaro daga cikin abinci da ruwan da ke ciki ya watsar a ɗaki. A sabuwar hitar an juya manufar ne kawai. A saman tankin akwai fanka da ƙaramin kwamfuresa, fankar tana jawo iskar ɗaki ta bi ta kan bututu mai ɗauke da irin gas ɗin firji, gas ɗin ya tsotse zafin iskar, kwamfuresa ya matse shi har zafinsa ya ƙaru, sannan ya zagaya jikin tankin ya sauke wa ruwa wannan zafi. Wutar da aka kashe ta tafi ne wajen juya kwamfuresa da fanka, shi ya sa yunit ɗaya na wuta ke iya kai wa ruwa zafin yunit uku zuwa huɗu. Lissafin a bayyane yake: ɗaga zafin ruwa lita 190 daga digiri 15 zuwa 50 na buƙatar zafin da ya kai kusan yunit 7.7, wanda tsohuwar hita za ta sha shi cif, sabuwar kuma ta yi aikin da yunit biyu da 'yan kai. Shirin Energy Star, wanda Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta kafa a 1992 don yi wa kayan lantarki masu tsimi tambari, ya ƙiyasta cewa iyali mai mutum huɗu zai iya rage kusan dala 550 a shekara daga kuɗin wutarsa da wannan sauyi.

To, me kamfanin ke samu? A nan ne ainihin ma'anar kalmar take, kuma a ganina duk wanda ya ɗauki ribet a matsayin kyauta bai fahimce shi ba. Ciniki ne. Kamfanin wuta yana da hanyoyi biyu na biyan buƙatar jama'a idan ta ƙaru: ko ya gina sabuwar tashar samar da wuta da layuka da taransifomomi, ko ya sa mutane su yi aikin da suke yi da wuta kaɗan. An daɗe da gano cewa sau da yawa yunit ɗin da aka yi tsiminsa ya fi wanda za a samar sabo araha. Dokar wutar lantarki ta yankin arewa maso yammacin Amurka ta 1980 ta ɗauki tsimi a matsayin tushen wuta mai zaman kansa, har ta fifita shi a kan gina sababbin tashoshi, kuma masanin makamashi Amory Lovins ya yaɗa kalmar "negawat" a shekarun 1980 don nufin wutar da ba a sha ba amma ana iya saye da sayar da ita. Idan kamfani ya ba magidanci 'yan ɗaruruwan daloli ya sa hitar da za ta yi shekara goma ko fiye tana shan kashi ɗaya bisa uku na abin da tsohuwar ke sha, to ya sayi wutar duk waɗannan shekaru ne a dunƙule.

Duk da haka kamfani mai neman riba ba zai yi wannan don kansa ba muddin ribarsa na rataye da yawan yunit ɗin da ya sayar. Abin da ya sa tsarin ke tafiya shi ne hukumomin jihohi masu sa ido a kan kamfanonin wuta da gas. Kalifoniya ta fara raba kuɗin shigar kamfani da yawan abin da ya sayar tun 1982, ta yadda raguwar saye ba za ta zame masa asara ba, kuma jihohi da dama sun ɗora wa kamfanoni adadin tsimin da dole su cimma a kowace shekara. Kuɗin ribet ɗin ma ba daga aljihun masu hannun jari yake fitowa ba. A ƙasan takardar kuɗin wuta akwai wani ɗan layi da mutane kan tsallake, mai nuna ƙaramin caji na shirin tsimin makamashi, kuma kowane mai mita yana biyansa wata-wata. Daga wannan asusu ne shirin Mass Save na Masachuset ke biya, haka ma Energy Trust of Oregon da ya fara aiki a 2002. Wanda ya karɓi ribet, kuɗinsa ne da na maƙwabtansa suka dawo masa.

Akwai riba ta biyu da kamfanoni ke ƙara mayar da hankali a kanta, wato lokaci. Tanki mai rufi mai kyau yakan riƙe zafi na sa'o'i, saboda haka ana iya dafa ruwan da tsakar rana, lokacin da wutar sola ta yi yawa har ta yi araha, a kashe na'urar da magariba lokacin da kowa ya dawo gida layuka suka yi nauyi, kuma mai wanka ba zai ji bambanci ba. Saboda wannan ne wasu shirye-shirye ke ƙara kuɗi ga wanda ya yarda a haɗa hitarsa da intanet don kamfani ya riƙa aika mata umarni, kuma jihar Washintan ta yi doka a 2019 cewa sababbin hitocin lantarki masu tanki su zo da kafar karɓar irin wannan saƙo. Japan ta riga ta bi wannan hanya da na'urarta EcoCute, wadda ta shiga kasuwa a 2001 ta kuma yaɗu a miliyoyin gidaje bisa farashin wutar dare mai sauƙi.

Da yake ciniki ne, sharuɗɗa ba su zama abin mamaki ba. Mai saye yana son tabbacin cewa ya sami abin da ya biya, don haka ake neman samfurin ya kasance cikin jerin waɗanda aka amince da su, ana neman rasit da lambar na'ura da lambar asusun wutar gidan, wani lokaci da hoton tankin a inda aka kafa shi, kuma akan ba da wa'adin cike fom. Wurin kafawa ma yana da muhimmanci, domin na'urar tana buƙatar sararin iska. Ma'aikatar Makamashi ta ba da shawarar wuri mai ɗaukar iska kusan kubik mita 28, wanda zafinsa ba ya sauka ƙasa da digiri 4 ko ya haura 32. Idan aka cusa ta a ƙaramin kabad, za ta sanyaya iskar da ke kewaye da ita har ta rasa zafin da za ta ɗauka, sai ta koma kan ƙarfen dafa ruwa na ajiya da ke cikinta, irin na tsohuwar hita, tsimin kuwa ya tafi. Wanda ya tsaya kusa da ita zai ji ƙara irin ta firji, ya ji sanyi-sanyi na fita daga gefenta, ya kuma ga siririn tiyo yana ɗigar da raɓar da ta tatso daga iska zuwa magudana.

Sauya hitar gas zuwa wannan na'ura lamari ne dabam. A nan kamfanin lantarki sabon ciniki yake samu, kuma manufar jiha ita ce rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Shi ya sa kamfanin wutar birnin Sakaramento na Kalifoniya, SMUD, wanda mallakar al'ummar yankin ne, yake ba mai barin gas fiye da abin da yake ba mai sauya tsohuwar hitar lantarki. Amma a inda gas ke da araha wuta kuma ke da tsada, ragin da mutum zai gani a wata na iya zama kaɗan ko babu, kuma aikin jawo layin wuta mai ƙarfin bolt 240 zuwa wurin tankin yana iya cinye ribet ɗin baki ɗaya. Samfura masu aiki da soket na bolt 120, waɗanda suka fara fitowa a 2022, an yi su ne don wannan matsala.

Abin da ya fi damuna a tsarin shi ne wanda kuɗin ke isa gare shi. Kowa na zuba wa asusun, amma ribet na gargajiya yana buƙatar mutum ya fara biyan cikakken farashi, wanda yakan ninka na tsohuwar hita sau biyu ko uku, sannan ya jira makonni kafin caki ya iso. Mai hali zai iya, marar hali ba zai iya ba. Ɗan haya kuma yana cikin tsaka mai wuya, domin shi ke biyan kuɗin wuta amma mai gida ne ke zaɓen hita, kuma mai gida ba shi da abin da zai ci idan ya sayi mai tsada. Sannan mafi yawan mutane ba sa tunanin hita sai ranar da suka sauka ƙasa suka tarar da ruwa ya malale a daɓe. A irin wannan rana babu mai zaman karanta sharuɗɗa, abin da mai gyaran famfo ya zo da shi a bayan motarsa shi za a ɗaura, kuma gidan ya ɗaure kansa da shi na wasu shekaru goma ko goma sha biyu.

Masu tsara shirye-shiryen sun lura da wannan, shi ya sa wasu suka mayar da biyan zuwa ga 'yan sari da manyan shaguna, ta yadda ragin zai fito nan take a wurin biya ba tare da fom ba. Efficiency Maine, hukumar tsimin makamashi ta jihar Men, ta yi fice a wannan salo, inda a wasu lokuta farashin sabuwar na'urar a shago ya sauko kusa da na tsohuwar. Idan aka yi haka ribet ya koma rangwame a idon mai saye, ko da yake tushen kuɗin bai canza ba.

Ya kamata a bambance wannan da abin da gwamnatin tarayya ke bayarwa, domin mutane kan haɗa su. Dokar rage hauhawar farashi da Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu a watan Agustan 2022 ta ba da sassaucin haraji na kashi 30 cikin ɗari na kuɗin na'urar, iyakarsa dala 2,000, ta kuma ware har dala 1,750 ga kowane gida na masu ƙarami da matsakaicin samu ta hannun jihohi. Sassaucin harajin ya ƙare a ƙarshen Disambar 2025, bisa dokar da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu a ranar 4 ga Yulin shekarar. Ribet na kamfanonin wuta bai rataya da wannan doka ba, domin hukumomin jihohi da majalisun kamfanonin al'umma ne ke amincewa da kasafinsa. Adadinsa yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, yana bambanta tsakanin gari da gari gwargwadon kamfanin da ke ba unguwa wuta, kuma a wasu wurare akan rufe karɓar takardu da zarar kuɗin da aka ware wa shekarar ya ƙare.