Dawowar King of the Hill a 2025 da Martanin Masoyansa

King of the Hill shirin barkwanci ne na zane mai motsi, wato katun na manya, wanda Mike Judge da Greg Daniels suka ƙirƙiro a Amurka. Tashar Fox ta fara haska shi ranar 12 ga Janairu 1997, ya yi zango 13 da kashi 259. Kashin bankwana ya fita ranar 13 ga Satumba 2009, sauran huɗun da suka rage aka sake su a 2010. Bayan shekara goma sha biyar babu sabon kashi, kamfanin Hulu, mai haska shirye-shirye ta intanet, ya dawo da shirin da zango na 14 mai kashi 10 ranar 4 ga Agusta 2025. Yadda masoyan shirin suka karɓi wannan dawowa ya zama abin misali a duk lokacin da ake muhawara kan farfaɗo da tsofaffin katun domin masu kallo na yau.

Asalin shirin

Labarin yana gudana ne a Arlen, ƙagaggen gari a jihar Teksas. Hank Hill magidanci ne mai sayar da gas ɗin furofen da kayan aikinsa a kamfanin Strickland Propane, kuma yana riƙe da sana'ar nan da mutunci kamar gadon gidansu ce. Matarsa Peggy malamar wucin gadi ce mai koyar da Sifaniyanci, ta yarda da kanta fiye da yadda ta iya harshen. Ɗansu Bobby yaro ne mai ƙiba, mai son ban dariya, wanda uban ke ƙauna amma ya kasa gane kansa. Sai abokan Hank uku, Dale da Bill da Boomhauer, waɗanda kullum sukan tsaya da shi a lungun bayan gida jikin shinge, kowa da gwangwanin giya a hannu, su daɗe ba wanda ya ce uffan sai gyaɗa kai da kalma ɗaya ta amincewa.

Abin da ya bambanta shirin da takwarorinsa irin su The Simpsons shi ne natsuwarsa. Ba a cika yin abin da ba zai yiwu a zahiri ba, kuma dariyar tana fitowa ne daga halin mutane. Hank mai ra'ayin riƙau ne, amma marubutan ba su mai da shi wawa ba, ba su kuma mai da shi waliyyi ba. Wannan ya sa masu ra'ayin riƙau da masu ra'ayin sauyi duk suka ɗauki shirin nasu ne. Shirin ya ci Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, a rukunin fitaccen shirin zane a 1999, Pamela Adlon kuma ta ci tata a 2002 saboda muryar Bobby.

Fargabar da ta riga shirin fitowa

A ƙarshen Janairu 2023 Hulu ya sanar da cewa shirin zai dawo, da Saladin K. Patterson a matsayin jagoran marubuta, tare da Judge da Daniels. Murna ta zo haɗe da ɗar-ɗar. Amurkar 2009 ba ita ce ta yau ba. Siyasa ta raba gidaje da maƙwabta, kuma kowane ɓangare na tsoron a ƙwace masa Hank. Wasu na gudun a mai da shi tsohon da za a riƙa yi wa wa'azin zamani a kowane kashi, wasu kuma na gudun a mai da shi kakakin masu fushi da duk wani sauyi. Wata tambaya da aka riƙa yi ita ce wa Hank zai zaɓa a zaɓen shugaban ƙasa. Marubutan ba su amsa ta ba, kuma sun yi daidai.

Hanyar da suka bi ita ce barin lokaci ya yi aikinsa. Al'adar katun irin wannan ita ce mutanen ciki ba sa tsufa: Bart Simpson na The Simpsons yana shekara goma tun 1989. A nan kuwa an tsallake kimanin shekara takwas. Hank da Peggy sun tafi Saudiyya, inda Hank ya yi aikin gas da Aramco, kamfanin man ƙasar, domin tara abin ritaya, suka dawo suka tarar garinsu ya canza. Bobby ya kai shekara 21, ya zama kuku a Dalas, yana tafiyar da gidan abinci mai haɗa girkin Japan da na Jamusawan Teksas. Da wannan dabara, baƙuntar da Hank ke yi a zamanin yau ta samu dalili a cikin labarin kansa.

Tun kafin zangon ya fita aka saki sabon mabuɗin shirin, masoya kuma suka bi shi daki-daki suna tsayar da hoto. Lungun nan ne dai da shingensa, amma shekaru na wucewa a guje: Bobby na ƙara tsawo, Hank da Peggy sun yi sallama sun tafi, wani baƙo ya tsaya a gurbin Hank, takunkumin korona ya bayyana a fuskoki, Dale ya fito takarar magajin gari. Cikin ƙasa da minti guda aka ba da labarin shekarun da ba a gani ba, kuma daga nan hankalin mutane da yawa ya fara kwanciya.

Batun muryoyi

Inda abin ya fi taɓa zuciyar masoya shi ne muryoyi, domin a katun murya ita ce rabin mutum. Tsakanin tsohon shiri da sabo, mutuwa ta yi ɗauki ɗai-ɗai. Brittany Murphy, mai muryar Luanne 'yar ɗan'uwan Peggy, ta rasu a Disamba 2009. Mawaƙi Tom Petty, mai muryar mijinta Lucky, ya rasu a Oktoba 2017. Ba a nemo wasu su gaje su ba, an bar mutanen biyu a wajen labarin, kuma kusan babu wanda ya yi ƙorafi kan haka.

Na Dale ya fi wuya, domin ba a iya yin shirin ba tare da shi ba. Johnny Hardwick, wanda ya riƙe muryar wannan mai maganin ƙwari da ke zargin gwamnati a kan komai tun kashin farko, ya rasu a Agusta 2023 bayan ya naɗi kashi shida na sabon zangon. Toby Huss ne ya ƙarasa sauran. Masu kallo sun kasa kunne sosai: wasu sun ce muryar Hardwick ta yi rauni, ba ta da kaifin da, wasu sun ce Huss ya yi ƙoƙari amma kunne ya san bambanci. Abin lura shi ne sukar ba ta zo da zafi ba. Mutane na magana ne kamar masu ta'aziyya, don sun san abin da suke ji shi ne aikin ƙarshe na mutumin da suka girma da muryarsa. Jonathan Joss, mai muryar John Redcorn, wani ɗan ƙabilun asali na Amurka a cikin labarin, shi ma an harbe shi har lahira a San Antonio ranar 1 ga Yuni 2025, wata biyu kafin zangon ya fita, bayan ya riga ya naɗi nasa ɓangaren.

Cece-kucen gaske ya taso ne kan Kahn, maƙwabcin Hank ɗan asalin ƙasar Laos. A da Toby Huss ne, wanda farar fata ne, ke yin muryarsa. Yanzu an ba Ronny Chieng, ɗan barkwanci haifaffen Maleshiya. Sauyin ya biyo sahun abin da ya faru a masana'antar tun 2020, lokacin da fararen fata suka fara barin muryoyin mutanen da ba jinsinsu ba: Hank Azaria ya ajiye muryar Apu Ba'indiye a The Simpsons, Mike Henry kuma ya ajiye ta Cleveland baƙar fata a Family Guy. Masu goyon baya sun ce lokaci ya yi. Masu suka sun kasu biyu: akwai waɗanda ke ƙin ƙa'idar baki ɗaya, akwai kuma waɗanda suka yarda da ita amma suka ce sabuwar muryar ba ta kama da Kahn ɗin da suka sani, ba ta da tsiwar nan tasa. Wannan ƙorafi na biyu yana da ƙarfi, kuma kuskure ne a haɗa masu yin sa da na farko a kwando ɗaya.

Ba wannan ne karon farko da murya ta tayar da ƙura a irin wannan dawowa ba. A Fabrairu 2022, da Hulu ya sanar da farfaɗo da katun ɗin Futurama ba tare da John DiMaggio mai muryar Bender ba saboda saɓani kan kuɗi, masoya sun yi barazanar ƙaurace wa shirin, har aka daidaita ya dawo a farkon Maris.

Zane da siyasa

An kuma yi gunaguni kan zanen. Zangunan farko da hannu aka zana su, layukan na ɗan karkacewa, launukan a dushe kamar ƙurar Teksas ta hau su. Sabon zangon aikin kwamfuta ne, tsaf-tsaf, kuma wasu sun ga motsin mutanen ya yi tauri. Wannan suka ta fi yawa lokacin da aka saki tallan shirin, ta ragu bayan an zauna an kalla.

Siyasar da aka fi jin tsoro kuwa sai ta zo da sauƙi. A kashin farko Hank na cin karo da sababbin abubuwa ɗaya bayan ɗaya, irin su motar haya ta manhajar waya wadda ake ba direbanta taurari. Sai ya tsaya wajen 'yan mata 'yan sikawut masu sayar da biskit, ya nemi wani da ya sani da tsohon sunansa, Samoas, suka gaya masa an canza sunan don girmama mutanen tsibiran Samowa. Mai kallo na jiran ya fusata, sai ya ɗan yi shiru, ya amsa cewa sauyin mai kyau ne. Wannan ɗan wuri ya yi yawo sosai a intanet. Wasu sun ce an tausasa Hank, amma waɗanda suka san tsohon shirin sun tuna cewa haka yake tun asali: mai taurin kai ne, amma ladabi ya fi ƙarfinsa, kuma idan aka yi masa bayani cikin mutunci yakan saurara. Dale kuma, wanda zarge-zargensa a 1997 abin dariya ne na mutum guda, yanzu ya tarar duniya ta cika da irinsa. A labarin ya ci zaɓen magajin gari, ya yi awa 36 a kujera, sannan ya ƙaryata sakamakon zaɓen da shi da kansa ya ci.

Masu sharhin talabijin galibi sun yaba wa zangon, musamman dangantakar Hank da Bobby yanzu da ɗan ya zama mutum mai sana'arsa, yana gasa nama da gawayi alhali ubansa ya ƙare rayuwarsa yana tallan gas. Tun farko Hulu ya yi odar zango na 15, a Oktoba 2025 kuma ya ƙara da na 16 da na 17.