Cire mahaifa ba ya raba mace da zamanta mace

Da an ce za a cire wa mace mahaifa, sai 'yan uwa su hau salati, wai sha'awarta ta mutu ke nan, tsufa ya kama ta. Wata har ta gwammace ta yi ta zubar jini saboda ƙarin mahaifa, don gudun kada miji ya juya mata baya.

Haila da ɗaukar ciki ne kawai aikin ke ɗaukewa. Sinadaran da ke tafiyar da jikin mace daga ma'ajiyar ƙwai biyu suke fitowa, kuma sau da yawa likita yakan bar su. Sai in an haɗa da su, kamar a wasu cututtukan daji, za ta fara zafin jiki da gumin dare, wannan ma akwai magani.

Saduwa kan dawo bayan kamar mako 6, in ɗinki ya warke. In ciki aka tsaga, jinya kan kai mako 6 zuwa 8, don haka daka da ɗaukar bokitin ruwa a bar wa wasu tukuna. Amma ta riƙa ɗan tattaki, yana rage haɗarin daskarewar jini a ƙafa.