Bigfoot: Binciken Rahotanni da Sakaya Sunan Ganau

Bigfoot, ko Sasquatch, wata halitta ce mai kama da gwaggon biri da ake cewa tana rayuwa a dazuzzukan Arewacin Amurka, musamman a jihohin Washington, Oregon da arewacin Kalifoniya, da lardin British Columbia na Kanada. Masu cewa sun gan ta suna siffanta ta da tsayin mita biyu zuwa uku, gashi ya lulluɓe jikinta, tana tafiya da ƙafa biyu, wasu ma su ce warinta ke riga ta isowa. Akwai takwarorinta a wasu ƙasashe, kamar Yeti a tsaunukan Himalaya, Yowie a Ostareliya da Yeren a Sin. Har yau ba a samu gawa ko ƙashin ɗaya daga cikinsu ba, don haka masana dabbobi ba su lissafa su cikin halittun da aka tabbatar. Kusan duk hujjar da ake da ita daga bakin mutane ta fito, kuma da yawansu ba sa son a san su.

Asali

Labarin ƙattin daji masu gashi daɗaɗɗe ne a wurin 'yan asalin yankin. Wani malamin makaranta, J. W. Burns, shi ya yaɗa sunan Sasquatch a shekarun 1920. Sunan Bigfoot kuwa, wato "babbar ƙafa", ya fito ne a 1958, lokacin da wani direban katafila, Jerry Crew, ya tarar da manyan sawaye a wurin aikin hanya kusa da rafin Bluff Creek, Kalifoniya, jaridar Humboldt Times ta buga hoton. Bayan rasuwar ɗan kwangilar aikin, Ray Wallace, a 2002, iyalansa suka fito da ƙafafun katako suka ce da su ya riƙa buga sawun. A wannan rafin dai Roger Patterson da Bob Gimlin suka ɗauki fim na kusan minti ɗaya da suka ce na halittar ne ranar 20 ga Oktoba 1967, wanda har yanzu ake musu a kansa.

Yadda ake tantance rahoto

Ƙungiyar da ta fi tara rahotanni ita ce BFRO, ƙungiyar masu binciken Bigfoot, wadda Matt Moneymaker ya kafa a 1995. Mutum zai aika bayaninsa ta intanet, sai wani ɗan sa-kai ya kira shi, in ta kama ya je wurin ya auna sawu, ya zuba filasta ya ɗauki siffarsa, ya tattara gashin da ya maƙale a reshe. Rahotannin kashi uku ne. Rukunin A na wanda ya ga abin ƙarara ne; B na wanda ya hango daga nesa, ko cikin duhu, ko kuwa kuka kawai ya ji; C kuma na jiyau ne, ba kasafai ake buga shi ba. Mai bincike ya san sunan ganau, amma abin da ake nuna wa jama'a shi ne gunduma, wata, shekara da labarin, a sakaya suna da ainihin wurin.

Dalilin sakaya suna

Babban dalili shi ne ba'a. Yawancin masu kawo labarin mutanen daji ne: mafarauta, masu yankan katako, direbobin manyan motoci, wani lokaci 'yan sanda. A ƙaramin gari, mutum ya ce ya ga dodo, to ya samu laƙabi har ƙarshen rayuwarsa, mai aikin gwamnati kuma sai a fara shakkar hankalinsa. Gimlin da kansa ya shafe shekaru da dama yana guje wa maganar fim ɗin saboda izgilin da ya sha. Albert Ostman, wanda ya ce halittar ta sace shi a 1924, bai buɗe baki ba sai 1957.

Ɓoye wurin kuma na kare gonaki da rayuka ne, domin da zarar an ambaci wuri sai masu bindiga da masu kyamara su yi dafifi. Tun 1969 gundumar Skamania ta jihar Washington ta yi dokar hana kashe Bigfoot, wadda amfaninta na zahiri shi ne hana a harbi mutum a cikin duhuwa.

Sai dai sirrin yana da tsada. Rahoton da ba a san mai shi ba, wani mai bincike daban ba zai iya komawa ya sake yi masa tambaya ba, ba a kuma iya sanin ko mutum ɗaya ne ya aiko da labari biyar. Dole mai karatu ya dogara da ɗan sa-kan da ya yi hirar, wanda galibi ya riga ya yarda da wanzuwar halittar. Duk da haka bayyana suna ba shaidar gaskiya ba ce: mutum biyun da suka kira taron 'yan jarida a 2008 suka ce suna da gawar Bigfoot a firiza a jihar Jojiya, da sunansu da fuskarsu suka fito, ƙanƙara na narkewa aka ga rigar roba ce.

Abin da gwaji ya nuna

Gashi da ƙashi ba su bukatar a yarda da kowa, ana kai su ɗakin gwaji. A 1976 wani mai binciken Bigfoot, Peter Byrne, ya aika wa hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, gashi, sakamako ya nuna na dangin barewa ne. An saki takardun a 2019. A 2014 Bryan Sykes na Jami'ar Oxford ya gwada ƙwayoyin halittar samfuri 30, suka fito na sanannun dabbobi irin su beyar, doki da saniya. A 2017 wata masaniyar kimiyya, Charlotte Lindqvist, ta gwada samfuri tara da aka ce na Yeti ne: takwas na beyar, ɗaya na kare. Wani nazari na 2009 ya kuma gano cewa wuraren da ake ba da rahoton Bigfoot a yammacin Amurka sun yi daidai da mazaunin baƙin beyar, dabbar da takan miƙe tsaye da ƙafa biyu.