Waiwaye: Dodgers, daga Jackie Robinson zuwa Chavez Ravine

Ranar 15 ga Afrilun 1947, a filin Ebbets da ke unguwar Brooklyn ta birnin New York, Jackie Robinson, ɗan wasa baƙar fata, ya fito wasa wa ƙungiyar besbol ta Dodgers da riga mai lamba 42. Kafin wannan rana an shafe fiye da shekara 60 babu baƙar fata ko ɗaya a manyan gasannin besbol na Amurka. Ba wata doka a rubuce ce ta hana ba. Masu ƙungiyoyi ne suka haɗa baki suka rufe ƙofa, baƙaƙen fata kuma suka kafa tasu gasar daban.

Shugaban Dodgers na lokacin, Branch Rickey, shi ya ɗauko Robinson daga Kansas City Monarchs, ƙungiya a gasar baƙaƙen fata, a 1945, ya tura shi Montreal ta Kanada ya yi kaka guda. Sharaɗin da ya gindaya masa mai nauyi ne: ko an zage shi, ko an tsokane shi, kada ya rama. Kuma an yi masa. 'Yan kallo sun yi ta jifansa da munanan kalamai, an aiko masa da wasiƙun barazanar kisa, wasu abokan wasansa ma sun zaga da takardar ƙin yin wasa tare da shi. Ya haɗiye, ya bar wasansa ya ba su amsa. A shekarar farko ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa, a 1949 kuma gwarzon gasarsu baki ɗaya. A ganina, haƙurin nan nasa ya fi duk wani kofi da ƙungiyar ta taɓa ɗagawa daraja. Bayansa wasu baƙaƙen fata, Roy Campanella da Don Newcombe, suka shigo ƙungiyar.

Kofin World Series, jerin wasannin ƙarshe da ke fitar da zakaran besbol na shekara, dai ya daɗe yana kuɓuce wa Dodgers. Sau biyar ƙungiyar Yankees ta New York na doke su a wasan ƙarshe, daga 1941 zuwa 1953, sai a 1955 suka samu suka rama. Murnar ba ta daɗe ba. Bayan kakar 1957 mai ƙungiyar, Walter O'Malley, ya kwashe ta zuwa Los Angeles, a 1960 kuma aka rushe filin Ebbets.

Nan ne labarin ke da ciwo. Kwarin Chavez Ravine, inda aka buɗe sabon filin a 1962, unguwar talakawa ce 'yan asalin Mekziko. Tun farkon shekarun 1950 hukumar birnin ta tashi yawancinsu da alƙawarin za ta gina gidaje masu rahusa. Aka soke aikin, daga baya filin ya koma hannun Dodgers, iyalan da suka ƙi tashi kuwa jami'an tsaro suka fitar da su da ƙarfi a 1959, aka rushe gidajensu a kan idonsu. Ƙungiyar da ta buɗe wa baƙar fata ƙofa, ita ce ta zauna a kan kufan wasu.

A sabon filin Sandy Koufax ya yi suna da jifan ƙwallo da hannun hagu. Bayahude ne, kuma a 1965 ya ƙi fitowa wasan farko na World Series saboda ya faɗo ranar azuminsu ta Yom Kippur. Ciwon gwiwar hannu ya sa ya yi ritaya a 1966 yana da shekara 30.

Da yawa daga 'yan asalin Mekziko sun yi shekaru ba sa taka filin, har zuwa 1981, lokacin da wani matashi ɗan ƙauye daga jihar Sonora, Fernando Valenzuela, ya ci wasanni takwas na farko da ya jefa a jere. Filin ya cika da masu jin Sifaniyanci, kuma a shekarar ƙungiyar ta doke Yankees ta ɗauki kofi. Wannan bai mayar wa kowa gidansa ba, amma tun daga nan su ne ƙashin bayan magoya bayan Dodgers.

Daga Japan, Hideo Nomo ya zo a 1995, sai Shohei Ohtani a Disambar 2023, kan kwantiragin dala miliyan 700 na shekara 10. Valenzuela ya rasu ranar 22 ga Oktoban 2024, saura kwana uku a fara World Series da Yankees. 'Yan wasan Dodgers suka shiga fili da lambarsa, 34, a jikin rigunansu, suka ɗauki kofin a wasa na biyar.